Keken da Na Ceto a Hanyar Mabai

A gindin ɗorawa na gan shi, a hanyar Mabai: tsohon keke mai birkin ƙarfe, irin na iyayenmu, ba sarƙa, ba sirdi, tsatsa ta cinye shi. Na tsaya ina jimamin yadda mutanen yanzu ba su san darajar tsohon abu ba. Ban tambayi kowa ba, na ɗora shi a babur.

Na kankare shi, na sa sarƙa da sirdi, na yi masa baƙin fenti. Ranar kasuwar Ƙanƙara na hau shi ina kaɗa ƙararrawa.

Wani dattijo ya riƙe kan keken, ya daɗe yana shafa wata lanƙwasa a kariya, wurin ɗora kaya na baya.

"Malam, kekena ne. Ba hawa nake ba, damin dawa nake turawa da shi. Tun da ya ɓace a ka nake ɗauka." Ya gwada birkin. "Amma ka iya aiki."

A ƙasa na koma gida.

Har yau, duk maƙwabcin da kekensa ya lalace, sai ya jingine shi a ƙofar gidana, ya ce ya yar.