Rumbun Lantana da Kwamitin Ɗanɗano

A wani daji da ya shimfiɗu tsakanin wani rafi da gonakin mutane, an yi wata kurege mai suna Lantana, wadda duk unguwar gindin kuka ta san ta da abu ɗaya: ba a taɓa jin 'ya'yanta sun wuni da yunwa ba. Ba ta fi kowa ƙarfi ba, ba ta kuma fi kowa sa'a ba. Raminta ɗaki uku ne, na ukun shi ne rumbu, kuma a nan hankalinta yake kullum. Gyaɗa a dama, aya a hagu, zangarniyar gero a bisa tsakuwa don kada danshi ya taɓa ta. Sabon kaya can ciki yake tafiya, tsoho ya matso bakin ƙofa a fara cinye shi. Duk bayan kwana bakwai sai ta fito da komai ta shanya, ta tsince wanda ƙwaro ya huda.

Baki shida ne ke ci daga rumbun nan: ita, da mijinta Mati, da 'ya'yansu uku, da surukarta Iya Tabawa, wadda haƙoranta suka zube har sai an jiƙa mata aya kafin ta iya ci. Mati mai kirki ne, ba ya faɗa, ba ya zagi. Matsalarsa guda ce, yana son zaman Majalisar Daji kamar ransa, ko da ba a gayyace shi ba.

Ana gama kaka, Majalisa ta kira taron kowa da kowa a ƙarƙashin babbar kuka. Shugabanta, wani tsohon biri mai suna Gambo, ya hau reshe ya gyara murya.

"Jama'ar daji," in ji shi, "mun zauna, mun duba, mun kuma sake zama. Mun gano cewa yunwar da ke kama mu kowace bazara ba daga rashin abinci take ba, daga rashin tsari take. Kowa ya haƙa raminsa ya ɓoye nasa, shugabanni ba su san abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba. Wannan ba ci gaba ba ne. Saboda haka Majalisa ta kafa Babban Rumbu a kogon kukar nan. Kowane gida zai kawo gyaɗarsa da geronsa da ayarsa, a tara su wuri ɗaya a hannun masana. Idan bazara ta tsananta, a buɗe a raba bisa adalci. Mun naɗa Malam Tanko gafiya ya zama Ma'aji, saboda ya daɗe yana hulɗa da abincin da ba nasa ba, ya san kansa."

Aka yi tafi. Kafin tafin ya lafa, Mati ya miƙe, ƙirji a gaba.

"Ranka ya daɗe, gidana ne zai fara! Rumbun matata kaɗai zai cika rabin kogon nan."

Lantana, wadda ta zo ne kawai don ta kira shi ya taya ta kwashe shanya, ta kutsa gaban taron. Ta nemi izinin magana, aka ba ta.

"Ranka ya daɗe, ni ban iya maganar majalisa ba, ajiya na iya. Kogon nan na leƙa shi, ƙasansa da danshi. Gyaɗa ba ta son danshi. Wa zai riƙa fito da ita yana shanyawa? Wa zai tsince mai ƙwaro kafin ta ɓata sauran? In an zuba sabo a kan tsoho, wa zai san wanda za a fara ci? Abinci ba dutse ba ne da za a ajiye a juya baya. Kullum yana son ido."

Shugaba Gambo ya jinjina kai cikin gamsuwa.

"Madalla da wannan baiwar Allah. Ta taɓo abin da ke ranmu. Don haka yanzun nan Majalisa ta kafa Kwamitin Ɗanɗano, wanda zai riƙa shiga rumbu kowace safiya yana ɗanɗana kayan, don a tabbatar ba su lalace ba. Aiki ne mai wuya, ba kuma za mu tilasta wa kowa ba. Akwai mai sadaukar da kansa?"

Tun da aka kafa Majalisar ba a taɓa ganin hannuwa sun tashi da sauri irin na ranar ba.

Bayan kwana biyu 'yan aikin Ma'aji suka zo. Lantana ta tsaya a bakin rami tana kallo suna fita da gyaɗar da ta tsinto ƙwaya-ƙwaya daga gonakin mutane, tana gudun karnuka. Ba ta yi kuka ba. Da suka tafi ta shiga ɗakin, ta share shi tas, sannan ta fito ta sami Mati zaune a inuwa, ya kasa ɗaga ido.

"Maigida, maimaita mini dokar nan yadda aka faɗe ta."

"Lantana, ki yi haƙuri, ni ban zaci..."

"Ba faɗa na zo yi ba. Me da me aka ce a kai?"

"Gyaɗa, da gero, da aya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To," in ji ta, "daji bai ƙare a abu uku ba."

Tun daga washegari ta fara. Abin da a da take wucewa ba ta ko kallo, yanzu shi ta sa a gaba. Ta tsinci magarya ta shanya har ta yi ƙaras. Ta kwaso kanya da ɗinya, ta fasa ƙwallon aduwa ta ciro 'ya'yan. Ta tsinko ganyen kuka da na tafasa ta busar a inuwa don kada su ƙone. Ta bi bayan bukkokin manoma ta tattaro 'ya'yan kabewar da aka zubar. Ta samo toka daga inda makiyaya suka tashi, ta barbaɗa a ƙasan rumbu saboda ƙwari. Goruba ce ta fi ba ta wahala, don itatuwanta suna hayin rafi, kuma sai an ratsa fili fetal inda shaho ke shawagi. Sau biyu inuwarsa tana bi ta kanta, ta faɗa cikin ƙaya ta lafe, goruba na ƙirjinta ba ta saki ba.

Maƙwabciyarta Kande bushiya ta gan ta wata rana tana mirgino goruba, tafin hannunta duk ya tsage.

"Haba Yaya Lantana, wannan wahala ta mece ce? Ga Babban Rumbu can cike."

"Allah ya sa, Kande. In an raba mana, wannan ya zama ƙari. In ba a raba ba, ya zama abinci."

Mati ya yi kwana uku yana kallonta. Ran na huɗu ya bi ta hayin rafi. Daga nan wurin zamansa a Majalisa ya fara yin ƙura.

Bazara ta zo da zafinta. Ciyawa ta ƙone, rafi ya zama yashi, gonaki suka koma fili. Dabbobi suka fara taruwa a gindin kuka suna tambayar ranar rabo. Majalisa ta ɗaga ranar sau biyu don a kammala shirye-shiryen biki. A karo na uku aka taru, kowa da ƙoƙonsa. An ɗan sami jinkiri, domin Malam Tanko ya shiga kogon ya kasa fitowa ta ƙofar da ya saba bi, sai da aka kira masu sassaƙa suka faɗaɗa ta.

Da ya fito ya share gumi ya ce, "Ranka ya daɗe, jama'ar daji, ina farin cikin sanar da ku cewa Kwamitin Ɗanɗano bai yi fashin ko yini ɗaya ba. Da sanyi da rana muna bakin aiki. Wasunmu har da iyalansu suka riƙa zuwa don aikin ya yi sauri. Kayan da ke ƙasa danshi ya kama su, wannan kuwa daga Allah ne. Amma na saman, ina tabbatar muku, babu ƙwaya ɗaya da muka bari ta kai ga lalacewa."

Aka leƙa. Ɓawon gyaɗa ne da ƙaiƙayi, sai wani baƙin dunƙule a ƙasa mai warin ruɓa. Ba a yi tafi ba. Kowa ya juya da ƙoƙonsa yadda ya zo da shi.

Da la'asar Kande ta yi sallama a ƙofar Lantana. A bayanta akwai wasu mata huɗu, kowace tana kallon ƙasa.

"Yaya, ƙaramin nawa tun jiya bai sa komai a baki ba."

Lantana ta ce su jira. Ta shiga rumbu ta daɗe tana duba kayan, tana auna su da ido da kwanakin da suka rage kafin ruwa. Na gidanta zai kai, har da ɗan saura. In ta buɗe wa gida biyar, ba zai kai ba sai kowa ya koma ci sau ɗaya a yini. Ta fito ta durƙusa gaban surukarta ta faɗa mata yadda abin yake.

Iya Tabawa ta ce, "Ni cikina ya tsufa, ba ya cin da yawa. Jikokina kuwa ramewa za su yi, ba mutuwa ba. Ki ba su."

Lantana ta koma wurin matan.

"Zan ba ku, kullum da hantsi, gwargwadon bakin da ke gidan kowa. Ba sai kun biya ni ba. Amma da sharaɗi. Ran da ruwa ya sauka, kowacce za ta haƙa ɗaki na ajiya a raminta, ni zan zo in duba. Za ku bi ni daji ku ga abin da ake tsinta da yadda ake busar da shi. Wadda ta san ba za ta iya ba, ta faɗa yanzu."

Duk suka amince, suka yi godiya.

Ruwan shekarar ya yi jinkiri da kusan kwana ashirin. A kwanakin ƙarshe garin kuka ake kaɗawa da ruwa, a ɗan goga goruba a kai don ɗanɗano. 'Ya'yan Lantana suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, ita kanta sai ta dafa bango in za ta miƙe. Kowace safiya takan shiga rumbu ta fito da rabon yini, ba ta ƙara ko ƙwaya, ba ta ragewa, ko wa ya yi kuka. A gidaje shidan nan ba a rasa rai ko ɗaya ba. A wasu unguwannin ba haka labarin ya kasance ba.

Ran da aka yi ruwan farko, ƙasa ba ta gama tsotsewa ba Lantana ta bi gida-gida tana buga ƙofa. Kafin sati ya zagayo an haƙa ɗakuna biyar, kuma wasu matan da ba ta taɓa ba komai ba suka fara zuwa suna tsayawa daga gefe suna kallon yadda take jera tsakuwa.

Majalisa ma ba ta zauna haka nan ba. Ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Malam Tanko, tunda shi ya fi kowa sanin inda kayan suka shiga. Shugaba Gambo ya aiko a gaya wa Lantana an ba ta kujera a ciki, don a ji ta bakin mata.

Ta ce wa ɗan aiken, "Ka gaishe shi da kyau. Ka ce na gode, amma ina da shanya a waje, ga hadari."

Kwamitin ya yi wata uku yana zama. Ya gano cewa tsarin ba shi da laifi, kogon ne ya yi ƙanƙanta, ya kuma ba da shawarar a nemi wanda ya fi shi girma. Aka rubuta rahoton a kan ɓawon itace mai kauri, aka ɗaure shi da kyau, aka jingine a ofishin Shugaba. Masu shiga wurin sun ce gara ce kaɗai ta bi shi daga farko har ƙarshe.