Ƙwas-ƙwas a Ɗakin Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na shiga ɗakin mahaifina da takalmi a ƙafa. Yanzu na tsufa, haƙora ma sun fara sallama da ni, amma duk sanda abin ya faɗo mini a rai sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni ce sakaryar cikin labarin, kuma na duba hagu da dama ban sami wanda zan raba laifin da shi ba.

Babana baduku ne. Daga Kano ya gangaro Inugu tun kafin a haife ni, yana da 'yar rumfa a kasuwar Ogbete, gidanmu kuma yana unguwar Asata. Takalmin fade yake ɗinkawa, na jar fata, shimfiɗaɗɗe. Ba ya awo da igiya ko takarda. Ƙafar mutum yake kamawa a tafin hannunsa, ya latsa nan ya latsa can, ya ce a dawo jibi. Tun da na fara tafiya shi yake yi mini takalmi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini.

Shekarar da aka sami mulkin kai aka kai ni Anacha gidan mijina, malamin awo a wani kamfanin manja. Anacha ce ta lalata ni (ko kuwa dai ta tona abin da ke cikina tun da ma). Can na ga nas-nas da malaman makaranta da matan akawu suna taku ƙwas-ƙwas a bakin titi, kai a sama, ni kuwa ina jan fade kamar mai tallan nono. A zuwana ganin gida na farko, Baba ya miƙo mini sabon takalmin da ya ɗinka mini, a rumfarsa, a gaban abokan sana'arsa. Na jujjuya shi na ce, “Baba, ai a Anacha an daina sa irin wannan.”

Ya karɓa ya ce, “To, Uwata,” ya tura shi ƙarƙashin benci, ya ci gaba da ɗinkinsa. Da mahaifiyata Inna ta ji, ta yi mini tas, ta ce in koma in ba shi haƙuri kafin in hau mota. Na ce sai na sake zuwa. Na fi shekara ban sake zuwa ba, kuma kunyar abin da na yi ce ta hana ni.

A wannan shekarar na shiga farautar takalmi a kasuwar Anacha. Abu biyu nake so a haɗe: ya yi kyau irin na nas-nas, kuma ya yi daɗin tafiya, domin a garin nan komai a ƙafa ake zuwa, kasuwa ne, asibiti ne, gidan suna ne. Masu daɗin ba su da fasali, masu fasalin kuma duk sirara ne, ni kuwa ƙafar Inna na gado, faffaɗa kamar faifai. Daga ƙarshe na faɗa wa wani baƙi mai ƙyalli, da tsinin dunduniya kamar tsawon ɗan yatsa, da siririn maɗauri mai ɗan ƙarfe da ke zagaye idon sawu. Da na gwada, ya kama ni tsam. Mai rumfar ya ce, “Madam, e go open,” wai zai buɗe in na riƙa sawa. Ni 'yar baduku ce, na san fatar da ke buɗewa da wadda ba ta buɗewa. Amma na yarda da shi, saboda ina son in yarda.

Bai yi mako a hannuna ba wani mai fataucin goro ya iso da sassafe da saƙon Inna: Baba yana kwance, in zo yau. Maigidana yana Fatakwal, sai maƙwabciyarmu Goggo Asabe, wata dattijuwa mai tuwon sayarwa, ta ce za ta raka ni. Na ɗauka zazzaɓin da ya saba yi ne duk damina. Na ce a raina dama ta samu, zan durƙusa in nemi gafararsa. Sannan na ɗauko sabon takalmin na sa. (Ku duba hankali: za ni ba baduku haƙuri a kan raina takalminsa, sanye da na wani.) Dabarata ita ce matan Asata su gan ni da shi a hanya, in na kai zaure in tuɓe in cusa a ƙunshin kayana, Baba ba zai taɓa gani ba. Ko wani takalmin ban riƙo ba.

Muka hau motar katako a tashar Iweka. Benci a tsuke, ga zafi, ƙafa a rataye wuri ɗaya, kafin mu kai rabin hanya na ji maɗaurin ya fara cizo. Amma akwai wasu malaman makaranta mata biyu a gabanmu da suka yaba takalmin, sai na ƙara miƙe ƙafa don su gani da kyau. Mun wuce Mil Tara kaɗan, daf da gangaren dutsen nan da ake sauka cikin Inugu, motar ta yi tari ta mutu. Direba ya ce sai an kira makaniki daga gari. Duk motar da ta zo wucewa a cike take, mutane suka ɗauki kayansu suka kama hanya.

Goggo Asabe ta tuɓe nata takalmin ta ɗora a kan ƙunshinta, ta ce in yi haka. Na ce Allah ya kiyaye in shiga garinmu ba takalmi. Malaman nan biyu kuwa, waɗanda saboda irinsu na sayi masifar, sai na ga kowacce ta buɗe jaka ta zaro shimfiɗaɗɗen takalmi ta sauya, ta jefa mai tsinin a ciki. Ashe haka suke yi. Ba wanda ya taɓa gaya mini.

Wanda bai taɓa sauka gangare da takalmi mai tsini ba, bai san azaba ba. Duk nauyina ya koma kan yatsu. Bororo ya tashi, ya fashe, na ji danshi a ciki. Da abin ya kai ni bango na zauna a kan dutse zan cire, sai na tarar ƙafar ta kumbura ta haɗiye maɗaurin, ɗan ƙarfen ya nutse cikin nama. Goggo ta gwada da farce, ta gwada da haƙori. Ta ce bari ta ari wuƙa wurin wani mahauci da muka hau mota tare a yanke shi. Na ce a'a, sabo ne. Wallahi haka na ce. Har yau in na tuna wannan kalma sai in ji na tsani bakina.

Kowa ya wuce ya bar mu, ina ɗingishi tana jirana. Sai da ya rage mu biyu a hanya sannan haƙurinta ya ƙare.

“Ke 'yar nan, na ɓoye miki ne don kada ki rikice a mota. Ba zazzaɓi ba ne. Mai saƙon ya ce kwana biyu ke nan babanki bai haɗiyi komai ba, kuma sunanki yake ta kira.”

A nan na nemi a yanke takalmin, a nan kuma babu mai wuƙa. Na yi sauran tafiyar ina kuka, ina maimaita abin da zan ce masa don kada in manta: Baba, na yi kuskure, ka yafe mini. Matan Asata da na yi adon dominsu sun gan ni kuwa, sun ga mace ɗankwali a karkace, majina a fuska, tana tafiya kamar kazar da aka ɗaure wa ƙafa.

Bayan la'asar muka isa. Maza na zaune jugum a zaure. A ƙofar ɗakin Baba takalma ne jibge, kusan duk ɗinkinsa. A gidanmu ko yaron goye ba ya taka ɗakin nan da takalmi. Na zube a bakin ƙofa ina kokawa da maɗauri, sai Inna ta leƙo, ta dubi fuskata, ta dubi ƙafata.

“Shigo haka. Babu lokaci.”

Daɓen siminti ne. Liman na gefen gado yana karatu a hankali, goggonnina sun jeru a kan tabarma. Na ɗaga ƙafa a hankali yadda zan iya, amma takalmin ya yi abin da na saye shi ya yi. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Liman ya tsaya da karatu. Duk ido ya sauka ƙasa, kan ƙafata. Baba bai buɗe ido ba, ya rame har na kusa kasa gane shi, amma kunnen baduku na nan.

“Wa ya shigo mini da doki?”

Wata goggona ta yi wani sauti, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ta toshe baki da mayafi. Na durƙusa a bakin gadon, na buɗe baki zan faɗi abin da na haddace, sai ya miƙo hannu yana lalube.

“Uwata ce? Kawo ƙafar.”

Haka na zauna a ƙasa, matar aure, a gaban liman, na miƙa wa ubana da ke gargara ƙafa mai jini cikin takalmin kanti. Ya kama ta a tafin hannunsa kamar yadda ya saba, ya latsa nan ya latsa can. Ya ce takalmin ya matse ni. Ya ce a ɗauko wuƙarsa ta aiki. Hannunsa ya kasa riƙe ta, sai Inna ta karɓa, shi kuma ya bi maɗaurin da yatsa har ya sami wurin.

“Ta kan ɗinkin za ki yanka, don ya gyaru. A shafa mata man kaɗanya.”

Inna ta yanke ɗaya, ta yanke ɗayan. Baba ya saki ƙafata ya yi ajiyar zuciya. Na ce, “Baba,” sai Inna ta dafa ni ta ce in bar shi ya huta, in ya farka na faɗa masa. Bai farka ba. Kafin a kira magariba ya cika. Abin da ya rage masa na ƙarfi a duniya, a kan takalmina ya ƙare, ni kuma haƙurin da na ɗauko tun daga Anacha yana nan a bakina.

Kwanakin zaman makoki na yi su ƙafa a naɗe da tsumma. Duk matar da ta shigo, in ta ce yaya haƙuri, sai ta ƙara da yaya ƙafa. Labari ya riga ya zaga Asata.

Ranar sadakar bakwai Inna ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gadonsa ta ajiye a gabana. Takalmin nan ne da na mayar masa a rumfa. Ya yi masa 'yar dunduniya ta fata hawa-hawa, kamar kaurin yatsa biyu, ya sa masa maɗauri mai faɗi da ƙarfe. Inna ta ce takalmin wata nas maƙwabciyarmu ya aro ya yi kwanaki yana duba yadda aka yi shi, abokan sana'arsa suna yi masa tsiya wai ya koma bature da tsufansa. Tun bara ya gama, yana jiran in sake zuwa.

Da ƙafata ta warke na sa shi. Ya zauna daram, ko'ina daidai. Abin da na ƙare kasuwar Anacha ina nema ke nan, mai kyau kuma mai daɗin tafiya. Na yi shekaru ina taka Anacha da Inugu da shi, ko ƙara ba ya yi.

Tun daga ranar, in mai takalmi ya ce mini zai buɗe, sai in ajiye masa kayansa in yi gaba. In kuma akwai wanda zan ba haƙuri, ba na cewa sai na sake zuwa. A take nake tashi, ko da ƙafa ba takalmi.