Yadda Za Ka Yanka Katakon Surukinka Idan Matarka Ce Ta Iya Injin

Ɗan'uwa, matarka ce injiniyar shagon, kai kuma naka tarbar baƙi da shara, amma dangi sun ɗauka kai ne gwanin injin sassaƙa mai kwamfuta? Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin la'asar kowa zai san matsayinka. Ni na gwada.

1. Karɓi aikin.
Ranar da ta tafi awo asibiti, mahaifinta zai shigo da falankin da ya shekara goma yana ɓoyo. Teburi yake so, gefensa sumul. Kada ka ce a jira ta. Ka shafa katakon, ka ce, "Baba, ai wannan ƙaramin aiki ne."

2. Zaɓi hanyar yanka.
Injin zai tambaye ka: haƙorin yankan ya bi katako a hankali, ko ya tare shi gaba da gaba? Ita takan duba kwanciyar jijiyar katako, ta gwada a guntu. Gwaji na masu shakka ne. Danna maɓallin da ya fi kusa da yatsanka.

3. Gudu da zurfi.
Ita sau huɗu take bi, na ƙarshe siriri kamar farce. Kai namiji ne, zurma haƙorin sau ɗaya. In inji ya fara kururuwa, ka ce gaisuwa yake yi.

4. Kare kanka.
Gefen zai fito da gemu, kusurwa ɗaya ta tsage. Baba zai sa tabarau.
"Ɗana, wannan gashin fa?"
"Sabon yayi ne, Baba."
"Hayaƙin kuma?"
Yi tari. Mai tari ba a matsa masa.

5. Dawowarta.
Za ta kalli katakon, ta kalle ka, ta miƙa maka jakarta. Ta juya hanyar yanka, ta rage zurfi, ta aske gefen har ya yi ƙyalli. Teburin zai rage taƙi guda.
"Baba, yanzu ya fi dacewa da falonka," in ji ta.
Baba zai sa mata albarka, ya juyo: "Kai kuma, riƙe min ƙofa."
Riƙe ta da kyau. Wannan ka iya.

Gargaɗi: Tsagewar katako, karyewar haƙori, da dariyar da ƙannenta za su riƙa yi duk sanda ka yi sallama, ba ruwan marubuci. Mai ƙorafi ya same ni a shago, bayan injin, ina kwashe dusar katako. An hana ni taɓa komai mai maɓalli.