Firjin Jirgin Ba-Ƙorafi

A wani gari na bakin kogi da ake kira Ba-Ƙorafi, akwai doka guda da kowa ya haddace: wanda ya fara cewa abu ya lalace, shi ya lalata shi. Tun da aka kafa ta, ba abin da ya sake lalacewa a garin. Famfo dai yakan huta, gada kuma takan sauka ta sha ruwa.

Inna Lantana mai sayar da kifi ba ta taɓa karya dokar ba. Ranar kasuwar ƙetare ta zuba giwan ruwa da tarwaɗa, duk abin da ta tara na kakar bana, a cikin firjin jirgin ruwan gari, wanda Mai Gari Sai-Godiya ya ƙaddamar da kiɗa. Tun jirgi bai tashi ba ta buɗe firjin ta sa hannu. Ɗumi ta ji, irin na cikin hamata.

Ta dubi Barau, matuƙin jirgin. "Ɗan nan, firjin naka yau akwai fara'a."

"Haka yake wani lokaci, Inna," in ji Barau, yana kallon ruwa. "Bari in gaida batir. Ba don wani abu ba."

"Ai zumunci ne. Gaishe shi."

Barau ya durƙusa. Ya zare fiyus ya ɗaga shi a rana, ƙalau yake. Ya kankare farin garin da ya taru a kan batir, ya ɗaure waya, ya kara kunne a jikin firji. Shiru. Ya goga waya da waya, ko tartsatsi babu. Lantana ta bi wata jar waya da ido, ta ga ba firji ta nufa ba. Ta hau sanda ne, ta shiga lasifikar da ke sanar da jama'a dare da rana cewa firjin Mai Gari ya fi ƙanƙara sanyi.

"Da za ka ɗan zare waccan," ta ce a hankali.

"In ta yi shiru, za a tambayi wanda ya fara jin shirun. Ina da iyali, Inna."

Zuwa azahar ƙudaje sun cika jirgin, kyanwoyin gari sun yi sahu a gaɓa. Ba wanda ya kai rahoto, amma Majalisar Madalla ta ga dacewar kai wa firjin ziyarar ban girma. Wakilin Sanyi ne ya jagoranci tawagar, sanye da rigar sanyi da safar hannu. Suna shiga, kowane ɗan majalisa ya laluba aljihu ya jona wayar salularsa a batirin, don a samu ɗaukar hoto.

Wakili ya buɗe firji. Warin ya ture masa hula. Ya tura hannu ciki, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya fara karkarwa.

"Kai! Wannan sanyi zai iya yi wa mutum illa. Ko ba haka ba, baiwar Allah?"

"Ranka ya daɗe, kifin ne nake ga kamar ya ɗan gaji."

"Tafiya ce. Kowa yakan gaji."

Wani ɗan majalisa ya ba da shawarar a lulluɓe firjin da bargo kada sanyin ya kama fasinjoji. Aka amince, aka lulluɓe har da ramukan da yake shan iska. Lasifika ta ja kalmar "ƙanƙara" kamar mai hamma, ta mutu a tsakiyarta. Kowa ya ci gaba da gyaɗa kai kamar yana saurare.

Lantana ta lissafa abin a ranta. In aka sa wani batir yanzu, kifin da ke ƙasa zai kai kasuwa. In ta yi shiru, har shi zai tafi. Ta gyara ɗaurin zane.

"Firjin nan ya mutu. Batir ya mutu. Kifina yana ruɓewa."

Sai Wakili ya sauke ajiyar zuciya ya cire safar hannu.

"Alhamdu lillahi. An samu mai laifi."

Daga nan aiki ya tafi da sauri. Nan take aka hana ta shiga kasuwa, aka kwashe kifin a matsayin shaida, na ƙasan aka kai gidan Wakili don zurfafa bincike. Kafin la'asar sai ga dogarai da wani batir a ka. Aka jona, firji ya yi gurnani, lasifika ta ƙarasa kalmarta. Ba wanda ya tambayi inda aka samo shi.

Washegari, tun da ba kasuwa, Lantana ta goya jikarta zuwa asibitin gari don allurar rigakafi. Tana jiran layi ta jingina da firjin magani. Ta ji ɗumi a bayanta. A ƙasan firjin wayoyin batir biyu ne ke reto, ba su riƙe da komai.

Malamar asibiti ta buɗe shi, ta ɗauko kwalba, ta zuƙi maganin cikin sirinji. Ta dubi wayoyin, ta dubi Lantana.

"Inna," ta ce, "akwai abin da za ki ce ne, ko in yi mata?"