Rasuwar Tabilet ɗin Mutari, Wadda Aka Yi wa Jinyar Masassara

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Rufaida Bello, 'yar kwaleji a nan Tasawa, a madadin ƙanena Mutari da kakarmu Hawwa, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar tabilet ɗin gidanmu. Ta cika ranar Talata bayan azahar, a kan tabarmar Kaka, bayan jinyar da ba ta kai awa uku ba. Ku yi mini haƙuri idan ban tsara sanarwar yadda manya ke tsarawa ba. Ban taɓa rubuta abin da wasu za su karanta ba, kuma wannan ce takarda ta huɗu, ukun farko na yage su. Na ma tambayi Liman ko ya halatta a ce wa abin da ba shi da rai marigayiya. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, rubuta abinki, kar dai ki kira ni salla."

Marigayiya ta zo mana shekara biyu da suka wuce a cikin jakar Kawu Sanda, da tsaguwa a kusurwa, alamar ta riga ta yi hidima a wani gidan. Ta iske Mutari yana ɗan shekara bakwai, yaron da in ya samu salular wani ya buɗe wasa, ba ya jin kira, ba ya jin yunwa. Babanmu yana aiki a Maradi, Innarmu tana wuni a kasuwa, sai aka ce ni zan riƙa lura da shi. Ni da ko kaza ban iya yi wa tsawa. Marigayiya ce ta ɗauke mini wannan nauyi.

Ta kasance mai cika alkawari. Kawu ya nuna mini inda ake ɗaure mata lokaci, na ɗaure rabin awa, bayan la'asar, bayan an gama aikin lakwal, wato na makaranta. Idan rabin awar ta cika sai ta ce "tilin-tilin", ta rufe fuskarta, ko da ƙwallo tana bakin raga. Mutari ya yi ta birgima yana cewa, "Yaya Rufaida, minti biyar dai, wallahi na kusa cin kofin!" Ni kuma in ce, "Ba ni ba ce, ita ce." Don ya gano lambar sirrin buɗe ta, ya gwada shekarar haihuwata, ya gwada lambar salular Inna, har lambar babur ɗin Kawu ya gwada, ba ta taɓa tona mini asiri ba. Ba ta shigo mana da baƙo ba, domin wasanninta duka na cikin gida ne: ƙwallo, da lissafi, da wata gona mai awaki. Idan ya ci lissafi sai ta ce masa "Bravo!" da murya irin ta madam mai kirki. A wannan rabin awa nake zama kusa da shi, yana danne-danne yana ba ni labarin wanda ya doke shi a lakwal da wanda ya rama wa. Abin da bai faɗa wa kowa, a nan nake jinsa.

Game da ciwon ajalinta, dole in faɗi gaskiya. Ranar an yi zafin bazara irin wanda ke sa ƙadangare neman inuwa. Ina haɗa ta da sharji, sai ta rubuta da Faransanci cewa zafinta ya yi yawa. Kaka ta ce, "Mi ta ce?" Ni mai taƙama da karatu na nemi kalmar da Kaka za ta gane, na ce, "Masassara take yi, Kaka. A bar ta ta huta." Na ɗauki kayena na koma lakwal.

Kaka ta raini 'ya'ya tara, kuma ba ta taɓa zuba wa mai masassara ido ba. Ta jiƙa zane a randa ta naɗe ta. Da ya bushe ta sake jiƙawa. Ta dafa ganyen bedi, wato dogon yaro, ta bari ya huce, ta ɗiga mata da cokali ta ramin sharji, domin ta nan ta ga tana cin abinci. Da na dawo ta tarye ni da fara'a, ta ce, "Zafin ya sauka. Taɓa ki ji, ta yi sanyi ƙalau."

Mun ji ana cewa a binne irinsu a shinkafa, ta tsotse ruwan. Shinkafa ba ta kai ba, muka binne ta a kwandon gero kwana uku. Daga nan na kai ta wajen Bature mai gyaran salula. Ya buɗe cikinta, ya sansana, ya ce, "Ƙanwata, wa ya ba wagga bedi?" Ya mayar da murfin, ya ce ba ta gyaruwa. Har yau Kaka tana cewa kwananta ne ya ƙare, ni kuwa ban gyara mata ba. Kalmar masassarar ai tawa ce.

Ta rasu ta bar sharja guda mai ɗaurin leda a wuya, da rigarta ta roba, da awaki goma sha huɗu a gonar cikinta waɗanda ba mai ba su ruwa. Ta bar ni. Ta kuma bar Mutari, wanda saboda shi nake wannan rubutu. Tun ranar Juma'a, da ya ajiye jakar lakwal sai ya nufi wani shago a bayan tasha, inda manyan yara ke wasan harbe-harbe da salula, suna magana da mutanen da ba su taɓa gani ba. Can babu mai cewa "tilin-tilin". Shekaranjiya ya dawo da zagin da ba zan rubuta ba. Jiya ya ce wani abokinsa na cikin wasan, wai babba ne, ya tambaye shi sunan unguwarmu, kuma yana son hotonsa. Na ce kar ya ba shi. Ya ce, "Ke mi kika sani, ke da kika kashe mana tabilet?" Na gaya wa Inna, ta zane shi, yau da safe ya kumbura fuska, da yamma ya koma. Na bi shi har bakin shagon na tsaya daga nesa. Mace ba ta shiga wurin, kuma ko na shiga ban san abin da zan ce ba.

Jana'iza za ta kasance kamar haka. Bature zai cire gilashin fuskarta ya sa wa wata mai sauran kwana, ya kuma riƙe batirin, don ya ce ba a jefa shi bola ba a kuma ƙone shi. Sauran gawar za ta kwanta a ƙasan akwatina, tsakanin littattafai. Zaman makoki a gindin bedin ƙofar gidanmu ne, kullum bayan la'asar. Na haƙa ramukan dara a ƙasa, na tara tsinke da duwatsu, Kaka ta ce za ta koya mana. Jiya ni da Kaka kaɗai muka zauna har aka kira magariba.

Ba ma buƙatar a kawo komi. Amma wanda hanyarsa ta bi ta bayan tasha, idan ya ga yaro siriri mai giɓi a haƙori yana leƙen salular wani, don Allah kar ya doke shi, kar ya ja masa kunne. Ya gaya masa kawai ana zaman makoki a gidansu, kuma shi ne mai karɓar gaisuwa.