Wuƙaƙena da Bunsurun Baba Yohanna

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da jajibirin wani Kirsimeti a unguwarmu ta Turaki ba, ranar da bunsuru ya dube ni ido cikin ido ya gane ko ni wane ne. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma babban abin haushin shi ne na rasa wanda zan ɗora wa laifi in huce. Na gwada mai sayar da wuƙa, na gwada maƙwabta, har bunsurun na gwada, amma kullum maganar kaina take dawowa.

Bari in fara daga ciwon. Ni mai tara wuƙaƙe ne. Wasu tantabaru suke kiwo, wasu ƙwallo ce ta ɗauke musu hankali, ni kuwa da ƙarfe aka jarrabe ni. Abin ya faro ne daga wata 'yar wuƙa mai kuben jar fata da na saya a kasuwar shanu ta Iware, wata rana da ofis ya tura mu aiki. Da na tsaya a nan da ban shiga uku ba. Sai waya ta shigo cikin zancen. Ka ga mutum a bidiyo ya ɗaga takarda ya tsarge ta da wuƙa a iska, ya yanka tumatir siriri har kana hango hannunsa ta ciki, sannan ya ce saura guda biyu kacal. Albashi na shiga, ni kuma ina tasha ina jiran direba ya miƙo min ƙunshi.

Kafin in ankara sun fi ƙarfin akwati. Na kwashe tangaran ɗin matata Hauwa daga kabad mai gilashi da ke falo (na ce mata na ɗan lokaci ne, ita ma ta san ƙarya nake yi), na shimfiɗa jan ƙyalle, na jera su. Akwai mai ƙotar ƙaho, akwai lanƙwasasshiya irin ta Larabawa, akwai wata baƙa mai haƙora a baya wadda har yau ban san aikinta ba. Sarauniyarsu kuwa ita ce wadda mai sayarwa ya rantse min ƙarfen Dimashƙa ce, jikinta da zane kamar ruwa na gudu. Duk baƙon da ya shigo gidana, kafin a kawo masa ruwa sai ya sha bayani a kan ƙarfe. Akwai abokan da suka daina zuwa, na ɗauka hassada ce.

Doka ɗaya ce a gidan: ba a yanka komai da su. Ranar da ƙotar wuƙar kicin ta karye, Hauwa ta zo ta tsaya gaban kabad ta ce, "Abban Amira, a ba ni ko ƙaramar nan ce in yanka albasa."

Na ce, "Albasa? Kin san daga inda wannan ta fito kuwa? Waɗannan na tarawa ne."

Ta ce, "To a sayo min ta yanka."

Na ce insha Allahu. Ban sayo ba, domin a satin aka tallata wata mai kube na azurfa. Daga ranar, ta katanga take miƙa hannu tana aron wuƙar maƙwabciyarmu Mama Rifkatu. Na san da haka, na kau da kai.

Yanzu ga abin da babu wanda ya sani a unguwar sai Hauwa: ban taɓa yanka ko kaza ba. Jini ne ba na iya gani. Ko a asibiti za a ɗebi nawa, bango nake kallo ina salati. Ranar layya kuwa ni ne mai zuwa ɗebo ruwa, kuma ruwan ba ya isowa sai an gama. Amma ina so a shaida, ban taɓa buɗe baki na ce wa kowa na iya yanka ba. Mutane ne suka ga wuƙaƙe suka yanke hukunci, har suka laƙaba min Sarkin Wuƙa. Laifina kawai, in an kira ina amsawa, har da ɗaga hannu.

Mijin Mama Rifkatu, Baba Yohanna, tsohon hedimasta ne, mutumin Zing, ya riga kowa zama a layinmu. Kirista ne, kuma kamar yadda aka saba a Jalingo, duk Kirsimeti Musulmi yake kira ya yanka masa dabba, don kwanon da za a kai gidajen maƙwabta kowa ya ci hankali kwance. Mu ma da Sallah gidansa ake fara kai cinya. Wani dattijo Malam Buba ne yake masa yankan shekara da shekaru, to a wannan karon ya tafi Gembu jinyar ɗan'uwansa. Kuma shekarar ba kamar sauran ba ce, domin 'yar autar Baba ta yi aure, kuma surukansa za su ci Kirsimeti a gidansa karon farko. Tun damina yake kiwon wani jan bunsuru saboda wannan rana.

Da hantsi ya yi sallama a ƙofata. Ya ce, "Ɗana, Malam Buba ba ya nan. Kai ne za ka yanka mana akuya. Na gaya wa baƙi na, muna da oga na wuƙa a nan, ba sai mun je kasuwa neman mutum ba."

A nan ne mai hankali zai ce, Baba ka yi haƙuri, bari in nemo maka wani. Kalma nawa ce? Amma ya ce ya riga ya gaya wa baƙi, kuma ya ce oga. Sai na ji bakina ya ce, "Haba Baba, wannan ai ƙaramin aiki ne."

Da na shiga ɗaukar wuƙa, Hauwa na tsaye ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Kai ɗin?"

Na ce, "Da irin wannan ƙarfen, ɗorawa kawai ake yi. Kafin jini ya fito na juya baya."

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Ta yafa mayafi ta biyo ni, kuma ban ga alamar taimako ya kawo ta ba.

Tsakar gidan Baba cike yake. Surukai na zaune a kujerun roba ƙarƙashin mangwaro, mata na gyaran shinkafa, maƙwabta Musulmi biyu-uku sun leƙo gaisuwa sun ga abin kallo sun zauna. An haƙa ɗan rami, 'ya'yan Baba maza biyu da angon sun kayar da bunsuru sun danne. Na sa aka juya shi ya fuskanci gabas (wannan kam na sani, daga nesa na sha gani). Sannan, maimakon in yi abin da ya kawo ni, sai na ɗaga 'yar Dimashƙa a kubenta na fara bayani: yadda ake ninka ƙarfen, yadda sarakunan da suke gadonta. Wani tsoho cikin surukan ya gyaɗa kai ya ce lallai yau za su ga abu.

Na kama ƙota na ja. Ta ƙi fitowa. Ashe tun damina ban zare ta ba, laima ta shiga, tsatsa ta riƙe ta a kube. Na yi murmushi na ce haka masu kyau suke. Na sa kuben a hammata na fizga da ƙarfina duka. Sai ga ni tsaye da ƙota a hannu, ƙota zalla, ruwan wuƙar yana cikin kube ya yi zamansa. Abin da ya haɗa su wani ɗan ƙarfe ne da bai kai tsinken sakace ba, da busasshen gam. Wannan ce wuƙar da na hana kaina sabon takalmi saboda ita! Wallahi da mai sayarwar nan yana kusa, da an raba mu a ofishin 'yan sanda.

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo. Baba ya ce, "Ba komai, ɗana, kana da su da yawa."

Na koma gida da sauri na ɗauko lanƙwasasshiyar. Ita kam ta fito, tana ƙyalli har wata mata ta ce kai. Na durƙusa, na kama haɓar bunsuru, na runtse ido, na yi bisimilla na yi kabbara, na ja. Na jira in ji ihun mutane. Shiru. Na buɗe ido ɗaya. Ko gashi bai tsinke ba. Na sake ja, na sake, kamar mai goge takalmi. Bunsurun da ke ta kuka tun safe ya yi shiru, ya karkato da kai yana kallona, har ya soma tuƙa. Ina jin daɗin susar yake ji. Ashe wuƙar ado ce, tun daga masana'anta ba a yi mata kaifi ba, kuma a duk tallar babu inda ɗan banzan mai sayarwar ya faɗi haka.

Angon, wanda gumi ya jiƙe wa riga, ya ɗago ya ce, "Oga, hannu na ya gaji fa."

Sai Mama Rifkatu ta taso daga wajen murhu, tana goge wata wuƙa da bakin zaninta. Tsohuwar wuƙa ce, ƙotarta ɗaure da robar tayar keke. Ta miƙo min, da muryarta da ake ji har bakin titi ta ce, "Gwada wannan, Malam. Shi ne matarka yake aro kullum, yana ci sosai."

Na ji kalmar "kullum" ta zagaya tsakar gidan ta dawo. Surukai suka dubi Hauwa, suka dube ni. Hauwa kuwa ta sami wani abu mai muhimmanci a saman mangwaro tana kallo.

Yanzu ba sauran uzuri. Don in ja lokaci, kuma in nuna har yanzu ni masani ne, sai na yi abin da na ga mahauta suna yi: na shafa babban yatsana a bakin wuƙar in ji kaifinta. Su a kaikaice suke shafawa. Ni na bi tsawonta. Ban ma ji zafi ba, sai dai na ga jan abu ya tsatso, ya gangaro, ya ɗiga a kan farar shaddata. Na ce, "Baba, wai jini ne wannan?" Daga nan mangwaron ya fara juyawa.

Sauran labarin a bakin Hauwa na ji, kuma ba ta taɓa gajiya da ba da shi ba. Wai na tafi luu ta baya, sai mutum ukun da ke danne da bunsuru suka sake shi suka tare ni. Shi kuwa da ma igiyar ƙafarsa ta yi sako-sako saboda daɗewar da na sa aka yi. Ya miƙe, ya girgije, ya bi ta kan tiren shinkafa, ya fice ta ƙofar da na bari a buɗe. Da na farfaɗo, kaina na kan cinyar ango, Mama Rifkatu na yi min fifita da murfin tukunya, tsohon nan na surukai yana cewa a ba shi iska, a ba shi iska. Ramin da aka haƙa domin bunsuru, jinina kaɗai ya samu.

An bi bunsurun har unguwar Kachalla Sembe ba a gan shi ba. Surukan da aka yi wa alkawarin nama, shinkafa da kifi suka ci, mu ma kwanon da aka aiko mana ke nan. Na kasa kai loma. Da yamma na je na ce zan sayo wani, Baba ya riƙe hannuna mai bandeji ya ce, "Bar shi, ɗana. Da ka gaya mini ba ka iya ba, da na nemi wani tun da safe. Ni kunya na baƙi ne kawai ya dame ni." Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi, domin dattijon nan bai taɓa neman komai a wajena ba sai ranar, ni kuma na zaɓi sunan Sarkin Wuƙa a kan mutuncinsa.

Bayan an gama bukukuwa bunsurun ya dawo da ƙafarsa, ya yi ƙiba ma. Mama Rifkatu ta ce wanda ya tsallake wuƙa uku ba na ci ba ne, a bar shi ya yi barbara. Yana nan har yau, kuma duk unguwa Sarkin Wuƙa suke kiransa. Ni an sauke ni, an naɗa shi. Kullum da safe in zan fita ofis yana kwance a gindin katangata yana tuƙa, kuma ban yarda cewa ba da gangan yake zaɓar wajen ba.

Na nemi mai sayar min da 'yar Dimashƙa, na rubuta masa saƙo mai zafi, ya karanta ya toshe lambata. Na kai sauran kasuwa, wani ya juya su ya ce sai dai a kilo. A kilo! Na kwaso abina na dawo. Tangaran sun koma kabad ɗinsu, lanƙwasasshiyar tana tokare tagar kicin, mai haƙoran nan kuma Hauwa na kankare ƙanzo da ita, ta ce a nan ne ta gano aikinta. Wuƙa ɗaya na ƙara saya tun daga ranar, ta albasa, kuma ba ni nake taɓa ta ba.

Abin da na koya bai da yawa: in aka kira ka da sunan da ba naka ba, kada ka amsa, ko da ya yi maka daɗi a kunne. Kirsimetin da ya biyo baya Malam Buba ya dawo bakin aikinsa, aka yanka wani bunsurun lafiya lau ina ɗaki na kulle ƙofa. Da azahar sai ga kwano daga gidan Baba, naman da ke ciki an yi masa gutsi-gutsi kamar na mai koyon tauna. Na tambayi Hauwa dalili. Ta ce Mama Rifkatu ce ta yayyanka shi da kanta, ta ce a gaya wa Malam ya ci da cokali, kada ya wahalar da kansa neman wuƙa.