Rigar Ɗan Japan a Gonar Goggo

"Lafiya lau, amarya, amma ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ina rigata?"

Halliru ke nan, ya tako babur tun daga Karaye har Beli yana huci. Shekara biyu ke nan da gwiwa ta raba shi da ƙwallo, gobe kuma samarin garin Turawa za su yi masa wasan ban kwana. Shuɗiyar rigarsa mai lamba takwas kuwa tana hannun kakarsa Goggo tun zuwansa jinya.

"Wace riga, mijin banza? Ko goro babu."

"Ta ɗan wasan Japan ɗin nan! Wadda na tsinto a gwanjo, da sunansa a baya."

"Au, wannan? Tana bakin aiki."

Ta nuna gonar geronta da ke bayan danga. Ran Halliru ya yi mugun ɓaci. Ga rigar can a jikin mutum-mutumi, har an kifa masa tsohuwar malafa.

"Haba Goggo! Mutumin nan shekara goma sha biyar ya yi yana buga tsakiya! Ƙungiya uku ya yi wa wasa kafin ya ajiye takalmi!"

"To ai ga shi a tsakiya. Ya tsaya ƙyam ya ware hannu, yadda kake yi a fili."

"Ni da nake raba wa mutane ƙwallo?"

"Har da 'yan garin Fulatan da suka zo cin ku, na gani. Wannan kuwa ko tsuntsu ɗaya bai taɓa wuce shi ba."

"Tsohuwa, yau zan sake ki!"

"Da wace ƙafar za ka raka ni gidanmu?"

Ya nufi dangar a fusace, yana ɗan ɗingishi. Sai Goggo ta sassauta murya.

"Ihun da ka yi ranar da maɗori ya kama gwiwar nan har yau yana kunnena, Halliru. Shi ya sa na ba da rigar ga wanda ba ya gudu."

Halliru ya tsaya a bakin dangar. Ya ce, "Minti goma kawai zan buga."

"Biyar."

Da kanta ta cire rigar ta kaɗe, ta haɗa masa da ƙullin man shanu na shafa gwiwa.

"Sai ka tuɓe taguwarka ka sa masa. Ba zan bar gwanin gidan nan tsirara ba."

Halliru ya fashe da dariya, ya fara ɓalle maɓalli.